Kada Ki Juyo Daga Jugu

Gema, Paraku

Uwani,

Da sunan Allah mai kwanar da mu ya tashe mu nake farawa. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da zaman mota, don idan kin cika alkawarin da kika yi mini, ba ki buɗe wannan takarda ba sai da Paraku ta ɓace a bayanki. Allah ya tsare ki, ya tsare direba da sauran fasinja, ya sauke ki Jugu lafiya, ya kuma wuce da ke gaba da Jugu lafiya. Mamanki ma tana gaishe ki. Yanzu haka da nake rubutun nan tana tsakar gida tana tura miki wagashi, cukun nan namu, da yaji a jaka, sai ka ce inda za ki ba a cin abinci.

Kada ki yi wa rubutun dariya. Na san kowane baƙi ya kai girman goro, layin kuma sai gangarawa yake yi ƙasa. Da idon hagu nake yi. Na dama, wanda ya yi mini aikin hoto tun ina saurayi, ya riga ya ajiye aiki. Na hagu da nake runtsewa duk sanda zan danna aparai, wato kyamarar zamaninmu, shi ne ya rage yana lallaɓawa da ni. Mamanki ta ce ai dole ya daɗe, idon da ya ƙare rayuwarsa yana barci me zai gajiyar da shi.

Bari in faɗi abin da ya sa na ɗora wa kaina wannan wahala. Ranar da kika raka ni wajen likita, kin tambaye shi da Faransanci, da sauri-sauri, kina zaton maganar za ta wuce ni. Kin manta a bakin Gar, tashar jirgin ƙasa, na yi samartakata, cikin direbobi da ma'aikatan jirgi. Na ji abin da ya ce miki, cewa da wuya na hagun ya kai damina mai zuwa. Aikin da masu hoton dajin nan suka ɗauke ki kuwa ba zai sake ki ba sai bayan daminar. Tun ranar kike haɗa kaya kina warwarewa. Jiya kuma mamanki ta gaya mini shawarar da kika yanke ke kaɗai: za ki je Jugu, ki gaida ƙanwata Gwaggo Lami, ki sami mutanen a inda kuka yi za ku haɗu ki ba su haƙuri, sannan ki hau motar Paraku ki dawo ki zauna kusa da ni. Kada ki ga laifinta. Mamanki ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba, kuma na san da haka na aure ta.

Na ji daɗi, Uwani, ba zan ɓoye miki ba. Wane uba ne ba zai ji ba? Amma ban yarda ba. Baki da baki ba na iya ja da ke, da idonki ya kawo ruwa sai in sauko. Shi ya sa na biyo ta takarda, inda ba ki da damar katse ni. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, hanyar Jugu tana da tsawon da zai ishe mu.

Kin san ni ɗan Jugu ne, Paraku zuwa na yi. Babana ya turo ni wajen ƙanensa in koyi dillancin shanu, sai na maƙale a shagon hoton wani Bayarbe, Baba Rasaki, a bakin Gar. Lokacin jirgin Kwatano yana shigowa da jama'a fal, kamiyo kuma, manyan motocin ɗaukar kaya, suna jere suna jiran kayan arewa. Direbobi da masu dako su ne masu zuwa mana, kowa ya ci ado zai aika hoto gida. A bangon shagon akwai wani labule da aka zana daji a jiki: ruwa yana zubowa daga kan dutse, ga itatuwan da babu irinsu a ƙasar nan, ga wani zaki mai fuskar kare. Kowa a gabansa yake so ya tsaya. Ni ne mai shanya labulen nan da naɗe shi, kullum kuma sai na kalli zakin na ce a raina, wanda ya zana ka bai taɓa ganin ɗan'uwanka ba, amma ni sai na gani.

Da hannuna ya ɗan faɗa, Baba Rasaki ya ba ni aron ƙaramar aparai. Na bi wani direba mai zuwa Natitingu, daga can na nemi hanyar dajin Panjari. Kin san me na sa? Farar shadda, da hula, na kuma yi wanka da turare, kamar mai zuwa gaida surukai. Mai rakiyar da aka haɗa ni da shi ya dube ni sama da ƙasa. Na shiga daji ina sauri, duk ciyawar da ta motsa sai na bi ta da gudu. Namun daji tun daga nesa suke hango ni, waɗanda ba su hango ba suka shaƙo ni. Na dawo Paraku da fim cike da ciyawa. Hoton da ya fito sosai guda ne, na wani mugun dawa, shi ma bayansa ne, wutsiya a miƙe sama yana neman tsira da ransa. Baba Rasaki ya wanke shi babba ya liƙa kusa da zakin nan, duk wanda ya shigo shago sai ya nuna masa ya ce ga farautar Sule.

A komawa ta biyu ma ba hankali ne ya zaunar da ni ba, ƙaya ce. Ta shige mini tafin ƙafa, ƙafar ta kumbura, dole na zube a gindin wani maɗaci kusa da tafki ina jin haushin kaina. Na daɗe a nan har na fid da rai. Can sai ga mariya sun fito daga cikin ciyawa, ɗaya bayan ɗaya, jajaye, suna taka ƙasa kamar masu tsoron ɓata ta. Babbar ta tsaya tana juya kunne, ta dube ni, ta ga ba ni da wani amfani, ta sunkuya ta sha ruwa. Gauraka biyu suka sauko gefensu. Har yau idan na rufe ido ina ganin inuwarsu a cikin ruwan nan. To, Uwani, ke ma kina da gaggawar nan, a wajena kika gado ta. Idan kin isa wuri ki nemi inuwa ki zauna, ki bar dajin ya manta da ke. Kyamararki ta zamani tana ɗaukar hoto kamar ana zazzage gero, amma zaman ba ta iya yi miki shi. Turarukanki kuma ki bar su a ɗakin Gwaggo Lami, ba za ta ƙi ba.

Akwai wani hoto da ban taɓa nuna miki ba don ba ya hannuna, ba ya hannun kowa ma. Bayan na buɗe shagona a nan Gema, ranar kasuwar shanu nakan rataya aparai in shiga kara. Dillalai da mahauta sun san ni ta wajen kawuna. A nan na gane wani abu: Bafulatani ba ya cika son a ɗauke shi hoto, amma ranar da zai rabu da saniyar da yake ƙauna, shi da kansa zai neme ka. Ba ya kallon aparai ma. Zai dafa wuyanta ya juya fuska gefe, ya ce ka ɗauke ta ita.

Wata ranar kasuwa wani dattijo mai suna Sambo ya kamo hannun rigata. Yana riƙe da wata jar saniya, tsohuwa, yana ce mata Woɗe saboda jan jikinta. Lalura ce ta sa zai sayar, ban tambaye shi wace iri ba. An riga an yi ciniki, kamiyon Kwatano yana jira. Na ja su gefe inda rana take faɗowa daidai, na ɗauka. Ya shafa goshinta, ya yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, aka ja ta aka hau da ita mota. Na ce masa ya dawo kasuwa mai zuwa.

Ke ba ki tarar da wannan aikin ba, bari in gaya miki yadda muke yi. Kafin a wanke hoto akwai baƙin fim ɗin da muke cewa nagatif, daga jikinsa hoton yake fitowa. A kansa muke gyaran fuska, da fensir mai tsini da bakin reza. Mai ƙuraje mu share masa, mai tabo mu ɓoye masa, tsohuwa mu rage mata tamoji. Baba Rasaki ya koya mini wannan har na fi shi, amare daga unguwannin Titiru da Zongo saboda shi suke zuwa wajena. Da na ɗaga nagatif ɗin Woɗe sai na ga kunnenta na dama a yage, an ɗebe wani yanki, ƙahonta ɗaya kuma ya karkace. Tausayin dattijon ya kama ni. Na ce mutumin nan ya rabu da abin ƙaunarsa, bari in ba shi ita cikakkiya. Na zauna na kankare, na cike kunnen, na daidaita bakin ƙahon. Wallahi aikin ya yi kyau, har na nuna wa maƙwabcina tela yana yaba mini.

Sambo ya dawo. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya daɗe yana dubawa, ya kai hoton kusa da ido, ya nisanta shi, sannan ya miƙo mini a hankali.

"Mai hoto, wannan saniyar wani ce. Ka duba mini tawa."

Na yi dariya na ce ita ce, gyara ta kawai na yi. Sai ya ɗora yatsa a kan kunnen. Ya ce wannan yankan babansa ne ya yi shi da wuƙarsa, ranar da ya ba shi ita tana 'yar maraƙa, kuma shi ne aikin ƙarshe da ya ga hannun baban ya yi a garke. Ƙahon kuwa ya karkace ne ranar da ta tare kura ta hana ta ɗan maraƙinta. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ko zan iya mayar da su yadda suke. Abin da reza ta kankare a nagatif ba ya dawowa, saniyar kuma tuni ta isa Kwatano. Na ce masa ba zan iya ba. Ya gyaɗa kai, ya saɓa sandarsa, ya yi mini sallama da kyau ya fita, ya bar hoton a kan tebur. Na so a ce zagina ya yi.

Na san kwamfutarki tana yin abin da ya fi reza, na ga kina goge igiyar lantarki daga sararin sama da yatsa ɗaya. Ban hana ki ba. Amma kafin ki cire wani abu daga jikin dabba, ko itace, ko fuskar mutum, ki fara tambaya me ya kawo shi wurin. Za ki ga kaɗanya da sara a gindi, za ki ga giwa mai haure ɗaya, za ki ga tsohuwa da tsagen gidansu a kumatu. Ki bar wa kowa abinsa. A Jugu ma akwai kurmin da mutanen gari suke girmamawa tun kakanni. Ko ba addininki ba ne, kada ki ɗaga kyamara a wurin sai kin gaida masu shi sun ce miki to. Idan suka ce a'a, ki yi godiya ki wuce, ba a kanki aka fara ba.

Yanzu ga wadda ta fi kusa da abin da kike shirin yi. Lokacin da na auri mamanki, bayan Titiru duk daji ne. Da sassafe idan ka bi hanyar kogin Okpara za ka tarar da birai suna tsallake hanya, uwa da ɗanta a maƙale a ciki, babban yana zaune kan suri yana harararka kamar kai ne baƙo, kuma kai ne ɗin. Idan ɗorawa ta yi fure sai ka ga jajayen tuntu suna lilo a ko'ina, ƙudan zuma suna ta gunji a kai. Zabin daji kuwa har gaban keke suke gudu. Kullum na wuce sai in ce zan ware rana guda in zo in zauna da aparai, amma sai bayan Sallah, don kin san Sallah ce kakar mai hoto. Ƙaramar Sallah ta wuce sai ga hotunan maniyyata. Su tafi sai ga Babbar Sallah. Ta wuce sai bukukuwan aure, sai 'yan makaranta masu neman hoton jarrabawa. Ba ƙarya nake wa kaina ba, kowane dalili na gaskiya ne, akwai bakunan da nake ciyarwa. Ranar da na tashi da gaske na je, sai na tarar da bulo a jere da gonakin kashu. Na tambayi wani mai gini ina biran, ya dube ni kamar na tambaye shi aljanu.

Na je Panjari na ɗauko giwa da ɓauna, amma ba ni da hoton biran Titiru ko ɗaya, ga su a bayan gida. Ke kuma da kika taso na ba ki labarinsu sai kika ce Baba ya fara ƙari. Dalilinki na dawowa ya fi nawa kyau, Uwani, na yarda. Amma duk da kyansa, sai bayan Sallah ne kike shirin cewa. Mutanen nan ba za su ajiye miki gurbi ba, kuma abin da za ku je ɗauka yana raguwa kowace shekara, ke kin fi ni sanin haka.

Saura maganar Inna, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta har ya sa bakina ba ya iya kiran sunanki na yanka. Ba ki tarar da ita ba. Tana yarinya ta bi fatake da ƙafa, ita da iyayenta, daga Jugu su yi arewa da goro su dawo da kanwa. Ta san daji da tafin ƙafarta. Ta san kukan da burtu yake yi da wanda gauraka take yi, ta san warin da iska take kawowa idan giwaye sun wuce. Da ta manyanta sai idonta ya tafi, irin tafiyar da nawa yake yi yanzu, daga gefe yana matsowa tsakiya. Ta koma zaman ɗaki a gidanmu na Jugu, Gwaggo Lami tana kula da ita.

Duk sanda na fito daga daji ta Jugu nake biyowa, idan na wanke hotuna kuma nakan kai mata nata a zuwa na gaba. Da ta ji sallamata sai ta gyara zama, ta buga tabarma da tafin hannu ta ce in zauna in ba ta labarin hanya. Haka fatake suke yi, wanda ya dawo ba ya kwance kaya sai ya zauna ya faɗi abin da ya gani, tun daga fitarsa har komowarsa. Ni kuwa ina ji da kaina, ni mai hoto ne, na wuce zamanin labarin baka. Sai in zaro hoto in sa mata a hannu in ce Inna ga giwa, Inna ga dorina. Ta shafa shi da babban yatsa, ta kai hanci ta ce warin magani yake yi. Sai ta fara tambaya. Har yanzu gauraka suna sauka a fadamun bayan Natitingu? Ciyawar ta kai ƙugu ko ta wuce? Giwar da ta gan ka me ta yi da kunnenta? Ni kuma in ce e, suna sauka, ta kai, ba ta yi komai ba. Rabin tambayoyin ma ban san amsarsu ba, don ido ɗaya na rufe, ɗayan yana cikin aparai yana neman haske. Kafin ta gama sai in ce motar Paraku za ta tashi, akwai masu jiran hoto. Ta ce to, Allah ya kiyaye hanya. Ba ta taɓa riƙe ni ba.

Wata rana da hantsi na iso ba a san da zuwana ba. Ina cikin zaure zan yi sallama sai na jiyo muryarta a tsakar gida, maƙwabta mata sun zo gaishe ta. Na leƙa. Ta ɗauko kwallar da take ajiye hotunana tare da goronta, ta zaro ɗaya ta ɗaga musu. Uwani, bayan hoton ta juya musu, farar takarda, fuskar tana kallon ƙirjinta. Babu wadda ta gaya mata. Tana cewa su duba, waɗannan gauraka ne a bakin fadama, da sanyin safiya, ruwan sama ya ɗauke ke nan ƙasa tana ƙamshi. Ta ce namijin ya buɗe fiffike yana tsalle yana rusuna wa macen, ita kuma tana yi kamar ba ta gan shi ba. Ta kwaikwayi kukansu har matan suka yi dariya. Ta faɗi yadda raɓa take jiƙa zane har gwiwa a irin wurin, da yadda balbelu suke tashi gaba ɗaya idan ɓauna ta girgiza kai. Ban taɓa ɗaukar hoton da ya kai wannan kyau ba. Ɗaya daga cikin matan ta tambaye ta ta yaya ta san duk wannan alhali ba ta gani.

"Sule ne ya gaya mini," in ji Inna. "Idan ya zo ba ya tashi sai ya ba ni labari kaf."

Na tsaya a zauren nan. Ban taɓa gaya mata komai daga cikin wannan labari ba, ko kalma ɗaya. Dajin ƙuruciyarta ne take ɗebowa tana zubawa a cikin hotona, tana kuma ba ni ladan a gaban mutane. Hoton da ke hannunta ma, da na shiga na karɓa, ba na gauraka ba ne, na wani kamiyo ne da ya faɗi a hanya, ya shiga cikin nata bisa kuskure. Ranar na zauna a tabarmar har la'asar, na yi ƙoƙari in ba ta labari, sai na ga ɗan abin da nake da shi bai taka kara ya karya ba. Na yi niyyar tafiya ta gaba zan buɗe ido biyu da kunne da hanci saboda ita. Na yi tafiyar, na kuma tara mata labari mai yawa, amma kafin in biyo da shi ta Jugu Allah ya karɓi abarsa. Har yau ina kewarta, kuma har yau idan na tuna zauren nan kunya nake ji.

Kwallar tana nan wajen Gwaggo Lami. Ki ce ta nuna miki. Za ki ga shatin yatsan Inna da jan goro a bayan kowane hoto.

To kin ga inda na dosa. Zamanki kusa da ni ba zai ƙara wa idon nan kwana ɗaya ba, likita ya faɗa miki da Faransancin da kika zaɓa. Masu riƙe mini hannu zuwa masallaci ina da su, mamanki kuma ta riga ta fara yi mini mulki a kan magani tana jin daɗin abinta. Wanda ba ni da shi shi ne mai gani a madadina. Idan kika juyo daga Jugu, za mu zauna ni da ke a tsakar gidan nan, ni ba na gani, ke ba ki ga komai ba, mu riƙa jin zem, baburan haya, suna wucewa a titi. Na san abin da yake cin ranki, kina tsoron ki dawo da hotunan da kika fi alfahari da su ki tarar ba ni da idon ganinsu. Zai iya faruwa, kuma zai yi mini ciwo, ba zan ce miki ba zai yi ba. Amma na ga hannunki tun kina ɗaukar kajin mamanki da tsohuwar aparai ɗina, na san abin da za ki iya. Ba sai na gani zan yarda ba.

Abin da nake roƙo a wajenki kaɗan ne, amma ya fi ɗaukar hoto wuya. Duk inda kika zauna, idan kin gama dannawa, ki sauke kyamarar a cinya ki ɗan ƙara zama saboda ni. Ki buɗe ido biyu. Ki ji me iska ta kawo, wane tsuntsu ne ya fara kuka, ƙasar tana da sanyi ko zafi a tafin hannu, giwar me ta yi da kunnenta. Hotunan ki turo wa mamanki a portabul, wayar hannunta, ta yi ta nuna wa unguwa. Ni kuwa duk inda kika sami layi ki kira ni ki gaya mini da baki, kada ki taƙaita, kada ki ce Baba ai ka san irinsa. Ranar da Allah ya dawo da ke kuma, kafin ki kwance jaka, zan buga tabarma. Kada ki sa mini hoto a hannu ki ce mota za ta tashi.

Sauran kin san su. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko a gindin itace ne. Hanyar arewa ba kamar zamaninmu take ba, inda mutanen wuri suka ce kada a shiga, kada ki shiga, babu hoton da ya kai ranki. Kada ki ware daga abokan tafiyarki, ki girmama mai rakiya, ki duba takalminki kafin ki sa ƙafa. Ki gaida Gwaggo Lami, ki ci sakwararta ko kin ƙoshi, in ba haka ba ni za ta kira ta yi wa ƙorafi. Ki kwana biyu a wajenta, sannan ki ɗauki jakarki ki nufi inda motar arewa take lodi, ba ta Paraku ba.

Nan gaba kaɗan ni ma zan zama mai zaman ɗaki, mutane za su riƙa zuwa gaishe ni. Na san halina, zan ɗauko hotunanki in ɗaga musu, wataƙila a juye, in cika su da labarin gauraka da giwaye. Wani zai tambaye ni ta yaya na sani. Zan ce Uwani ce ta gaya mini. Ina so ranar ya zama gaskiya nake faɗi.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga mugun mutum da mugun ƙwaro da mugun ruwa, ya haɗa ki da mutanen kirki a kowane zango. Allah ya jiƙan mai sunanki, ya haskaka makwancinta. Na yafe miki duniya da lahira, na kuma sa miki albarka a tafiyar nan tun daga farkonta har ƙarshenta. Allah ya dawo mini da ke lafiya, da labari mai yawa.

Babanki,
Sule mai hoto